Kunne da Na'ura: Wa Zai Koya wa Yaron Mallawa Jin Ingilishi?

Bahaushe ba ya tambayar baƙo ko ya san Hausa. Abin da yake tambaya shi ne ko yana jin Hausa. Haka nan idan ya tashi yabon ɗa nagari, cewa yake yi yaron yana jin magana, in kuwa ya kangare sai a ce kunnen ƙashi gare shi. Da wannan kalma guda ake jin ƙara, a ji yunwa, a ji kunya, a ji tausayi. Ashe tun asali harshen ya tara fahimta da ladabi da jinƙai wuri ɗaya, ya rataya su a kunne. Wannan abin lura ne ga duk wanda ya ɗauki alli da niyyar koyar da wani harshe, balle a wannan zamani da wayar salula ta shiga aljihun malami, tana ɗauke da muryoyin mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Damagaram ba.

Mallawa tana cikin gundumar Dungas tun da aka cire Dungas daga Magarya a shekarar 2011, kuma tana gab da iyakar Najeriya. Iyakar nan da Faransa da Ingila suka shata, aka kakkafa mata alamomi tsakanin 1906 da 1908, ta bar dangi ɗaya da harsunan boko biyu: na arewa suna karatu da Faransanci, na kudu da Ingilishi. Yaron da ya gama firamare ya shiga kwaleji yakan fara Ingilishi a ajin farko, wanda ake kira siziyam, ya shekara huɗu yana kwafar jimloli a littafi kafin jarrabawar BEPC. Amma sau da yawa idan ya raka mahaifinsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wani mai sayen dabbobi daga kudancin Najeriya ya yi masa magana da Ingilishi, sai ya yi zuru. Kalmomin duk suna cikin littafinsa, da a rubuce suka zo masa da ya karanta su. Kunnensa ne bai taɓa gamuwa da su ba.

Al'amarin ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Harshen da a da ake yi wa kallon darasin neman maki ya sami gurbi a dokar ƙasa. Malamai da dama suna ganin maganin wannan kurumta yana cikin waya: a loda darussa a katin memori, a sami ƴar lasifika mai caji, a kunna wa aji. Tambayar da ta kamata a tsaya a kanta ita ce, shin na'ura za ta iya koya wa mutum ji, ji irin wanda Bahaushe yake nufi? In kuwa wani ɓangare kawai ta iya, wane ɓangare ne ya rage a wuyan malami?

Abin da na'ura ta fi malami

Adalci ya wajabta a fara da faɗin alherinta. Kunnen yaron Mallawa ba maras horo ba ne. Tun yana goye yake rarrabe fari na launi da fari na rashin ruwan sama da fari na ɗan fari, alhali a takarda rubutunsu ɗaya ne, karin sauti da tsawon wasali ne kaɗai suke bambanta su. Matsalar ita ce Ingilishi yana ɓoye ma'anarsa a wuraren da Hausa ba ta saba dubawa ba. Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo, Ingilishi kuwa yana da fiye da goma. Mai magana da shi yakan danna gaɓa ɗaya da ƙarfi, ya haɗiye na kusa da ita, har kalmomi uku su fito kamar ɗaya. Yakan kuma jera baƙaƙe biyu ko uku ba wasali a tsakani. Kakannin da suka fara jin harshen a bakin sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa sun warware wannan ƙulli ta hanyarsu, suka cusa wasula inda babu, shi ya sa aka sami burodi da birki da asibiti da sukurudireba. Bugu da ƙari, ɗan kwalejin Nijar yana zuwa wa Ingilishi ne da idon Faransanci, yana karanta haruffan yadda aka koya masa a firamare, sai abin da ya zata zai ji ya saɓa da abin da ake faɗi.

Irin wannan ƙulli ba ya warwaruwa sai da yawan ji. A nan ne malami yake gazawa ba da laifinsa ba. Murya ɗaya gare shi, ajinsa cike yake, sa'o'in darasin ƴan kaɗan ne a mako, kuma shi kansa galibi a littafi ya fi saduwa da harshen. Na'ura kuwa ba ta gajiya. Tana maimaita jimla sau ashirin ba ta ƙosa ba, ana rage mata sauri, ana tsayar da ita a tsakiyar kalma, tana kawo muryar mace da ta namiji, ta tsoho da ta yaro. Ba yau aka gano amfanin haka ba. Tun 1943 gidan rediyon BBC ya fara koyar da Ingilishi ta iska, a 1959 kuma Muryar Amurka ta ƙirƙiro shiri na sassauƙan Ingilishi, ana karanta labarai a hankali da kalmomin da ba su wuce kimanin 1,500 ba. Abin da waya ta ƙara shi ne, yanzu ba sai an jira lokacin shiri ba, kuma ba sai da intanet kullum ba, domin yadda ake tura waƙoƙi da finafinai daga waya zuwa waya a rumfar mai caji, haka darasi zai iya tafiya. Malamin da ya ƙi wannan taimako saboda girman kai ya zalunci ɗalibansa.

Gwaji biyu a tarihin Nijar

Sai dai Nijar ba baƙuwa ba ce ga alƙawarin na'ura. A shekarar 1964 aka fara koyar da ƴan firamare ta talabijin a wasu azuzuwa na Yamai da kewayenta, da taimakon Faransa. Akwatin ne yake ba da darasi da Faransanci, wanda yake tsaye a gaban aji kuma mai kula ne da aka ba shi ɗan gajeren horo. Gwajin ya yi suna, masana daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallo, kuma an shaidi yaran da sakin baki wajen magana. Duk da haka bai game ƙasa ba, a 1979 aka rufe shi, kayan aikinsa suka zama harsashin talabijin ta ƙasa.

Shekara biyu kafin wannan, wato a 1962, an kafa ƙungiyar kulob-kulob na sauraron rediyo. Tsarinsu mai sauƙi ne. Mutanen gari su taru su saurari shiri, jagora ya buɗe muhawara, a naɗi abin da manoma da makiyaya suka ce a faifai, a aika Yamai, daga baya su ji muryoyinsu suna fitowa daga akwatin da suka saba yi wa shiru. Bambancin gwaje-gwajen biyu shi ne abin da ya dace malamin yau ya riƙe. A na talabijin magana tana gangarowa ne daga sama kawai. A na rediyo kuwa tana zuwa tana komawa, wanda ya saurara shi ma ana sauraronsa. Wayar da take hannun malamin Mallawa tana iya zama kowane daga cikin biyun, domin da maɓallin kunnawa da na naɗar murya duk a jikinta suke.

Ji da sauraro

Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan. Almajiri ba ya ɗaukar karatu daga takarda shi kaɗai. Malam ne yake biya masa, shi kuma ya maimaita, malam yana kasa kunne, in ya ja inda ba a ja ko ya tauye harafi a tsayar da shi nan take. Kunnuwa biyu ne suke aiki a wannan zama, na almajiri da na malam, kuma na malam ne yake sa na almajiri ya farka. Yaron da ya san za a ce masa ya maido abin da ya ji, saurarensa daban yake da na wanda ƙara take wucewa ta kansa. Ibn Khaldun, a littafinsa Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya tafi a kan cewa harshe ɗabi'a ce da take kafuwa ta hanyar yawan ji da yawan maimaitawa a cikin masu magana da shi, sanin dokokin nahawu kuma abu ne dabam da iya harshen.

Binciken zamani ma ya taɓo wannan gaɓa. A shekarar 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta na Jami'ar Washington a Amurka sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da jarirai ƴan wata tara, ƴaƴan masu magana da Ingilishi. Wasu an zaunar da su sau 12 tare da mutane masu yi musu wasa da magana da harshen Sin, wasu kuma an kunna musu irin wannan magana a talabijin ko a faifai. Waɗanda suka zauna da mutane sun koyi rarrabe sautukan harshen, waɗanda aka bari da na'ura kuwa ba su bambanta da waɗanda ba su taɓa jin sa ba. Gaskiya ne ɗan kwaleji ba jariri ba ne, yana da niyya da hankalin da zai tilasta wa kansa sauraro. Amma gwajin ya nuna cewa tun daga tushe kunnen ɗan Adam a gaban ɗan'uwansa yake buɗewa.

Mai ja da wannan magana yana da hujja biyu, kuma ba a raina su. Ta farko, a Kano an ga samarin da suka iya Indiyanci ta hanyar finafinai da kaset kawai, ba malami ba aji. Wannan haka yake. Sai dai in aka duba da kyau, ba a kaɗaice suka koya ba. Tare suke kallo, su fito suna gardama a kan abin da jarumi ya ce, wannan ya gyara wa wancan, a yi wa wanda ya kuskure dariya. Majalisarsu ce ta zame musu aji, son abin kuma ya zame musu malami. Ɗan siziyam da aka kunna wa hirar wasu baƙi biyu a tashar jirgin ƙasa ta Landan ba shi da wannan shauƙi, sai an gina masa shi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu suna karɓar magana, su ba da amsa, har su nuna wa mai koyo inda lafazinsa ya karkace. Ashe ke nan na'ura ta fara sauraro? Ta fara ganewa, wannan babu musu, kuma duk inda aka sami hanyar amfani da ita ribar a bayyane take. Amma a koma ga kalmar Bahaushe. Na'ura tana jin ƙara, tana ma iya jin ma'ana, sai dai ba ta jin kunya, ba ta jin tausayi, ba a kuma tuhumarta da alhaki. Ba ta san cewa yarinyar da take bayan aji ta yi shiru ne domin an taɓa yi mata dariya ba, ko cewa yaron da ya kasa amsawa tun asuba yake gona. Idan ɗalibi ya daina zuwa, ba za ta je gidansu ta tambayi mahaifinsa ba. Malami shi ne wanda zai tsaya gaban iyaye, gobe kuma gaban Mahalicci, a tambaye shi amanar da aka ba shi. Amana kuwa ba a miƙa ta ga abin da ba a iya tambaya.

Saboda haka haɗarin da yake tafe ya fi kusa da malami fiye da yadda ake zato. Abu ne mai sauƙi ya kunna lasifika, ya koma bakin ƙofa yana duba saƙonninsa, a tashi a ce an yi darasin sauraro. Yara sun yi tsit, amma tsit ba shaidar fahimta ba ce. Wanda ya yi haka ya koya musu wani darasi ba da saninsa ba, wato cewa sauraro shi ne a yi shiru a gaban mai magana da ba ya buƙatar amsa. Al'ummar da ta tarbiyyantar da ƴaƴanta a kan irin wannan sauraro za ta same su suna haɗiye duk abin da waya ta faɗa, gaskiya da ƙarya, domin ba a taɓa koya musu su ce a maimaita, ko su ce ba su yarda ba.

Muryar wa, kuma rabon wa?

Akwai wasu tambayoyi biyu da suke biyo baya. Ta farko ita ce muryar da za a cika kunnen yaro da ita. Yawancin darussan da ake samu muryar Landan ce ko ta Amurka. Amma Ingilishin da yaron Mallawa zai fara cin karo da shi na Maigatari ne da Gumel da Kano, na direba da ma'aikaciyar asibiti da malamin jami'a, kuma wannan ma Ingilishi ne cikakke mai miliyoyin masu magana. Idan aka nuna wa yaro cewa murya ɗaya ce tak ta ƙwarai, abu na farko da zai yi shi ne ya raina lafazin malaminsa, daga nan ya raina na kansa, ya kulle baki don tsoron kuskure. Wanda ya ji kunyar muryarsa kuwa ba ya tambaya, wanda ba ya tambaya ba ya fahimta. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da na kusa, a naɗi muryar wanda ya yi karatu a Kano ko Zariya ya dawo gida, yana ba da labarin abin da yara suka sani, farashin gero ko tafiyar damina, sannan a hau zuwa muryoyin nesa. Tarihi ma ya yi gargaɗi game da dogaro da na nesa. Masu aikin sa-kai na Amurka da suka fara zuwa Nijar a 1962, waɗanda rukuninsu na farko malaman Ingilishi ne, an kwashe su a watan Janairu na 2011 saboda matsalar tsaro. Zanen aro ba ya rufe katara.

Haka kuma bai kamata a kori Hausa daga ajin sauraro ba. Tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a unguwar Zango ta Damagaram, malaman Nijar suke tara shaida cewa yaro ya fi kama baƙon abu idan an tsaya da shi a kan abin da ya sani. Hanya mafi sauƙi ta gane ko ɗalibi ya ji labarin da aka kunna ita ce a ce ya maido shi da Hausa. In ya iya, to ya ji. In ya maimaita jimlolin Ingilishin tiryan-tiryan amma ya kasa faɗin abin da suke nufi, aku ma yana yin haka.

Tambaya ta biyu ta rabo ce. A ƙauye waya galibi ta maigida ce ko ta babban wa, caji da kuɗi ake yi, kuma ƴa mace ita ce ta ƙarshe da za a miƙa wa. Malamin da ya ce kowa ya je gida ya saurari darasi, ya raba ajinsa gida biyu tun kafin a yi jarrabawa, ya kuma ba mai hali maki a kan halin ubansa. Ilimin da aka ce zai rage tazara sai ya ƙara ta. Maganin wannan shi ne sauraron taro, kuma a nan ne ƙungiyoyin al'adu suke da rawar takawa. Waya ɗaya, lasifika ɗaya da ƙaramin faifan sola sun ishi yara talatin a inuwar bishiya, muddin akwai babba guda da zai zauna tare da su, a kuma zaɓi lokaci da wurin da iyaye za su yarda ƴan mata su halarta.

Kammalawa

Amsar tambayar farko ke nan ta fito. Na'ura tana iya ba kunne abinci fiye da yadda kowane malami zai iya, kuma hana yara ita tauye haƙƙi ne. Amma mayar da ƙara ta zama fahimta, fahimta kuma ta zama amsa, aiki ne da yake faruwa tsakanin mutum da mutum. Ma'aunin darasin sauraro mai kyau shi ne a duba minti nawa malami ya yi yana kasa kunne ga ɗalibansa bayan an kashe lasifika. Ya tambaye su abin da suke zaton za su ji kafin a kunna, ya tsayar a tsakiya ya ce wa ya gane, ya bar su su yi gardama, ya naɗi muryoyinsu su ji kansu, kamar yadda manoman kulob-kulob na rediyo suka ji nasu fiye da shekara sittin da suka wuce.

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, domin yana ɗauke da labarin abin da ya faru tun ba a haifi mai shi ba. Labarin nan kuwa daga bakin wani ya shiga, wani da ya zauna, ya faɗa, ya jira a tambaye shi. Ranar da yaron Mallawa zai tsaya a kasuwar Maigatari, baƙo ya yi masa magana, ya ce masa cikin natsuwa ya sake faɗi a hankali, sannan ya ba shi amsa, ranar ce za a ce yana jin Ingilishi. Kalmomin wataƙila daga waya ya same su. Ƙarfin halin tambayar kuwa daga wurin malamin da ya taɓa saurarensa ya samo shi.